Fankar AC a gidajenmu na Houston: Auto ko On?

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba wayata ba ta hutawa. Gyaran AC da hita ne sana'ata a nan Houston, jihar Texas, kuma da yake mutanenmu sun fi sakin jiki da wanda za su yi wa bayani da Hausa, lambata ta zaga gidaje da dama a Alief da Katy da Sugar Land. Akwai ƙorafi guda da nake ji kusan kowane mako: "Malam, AC yana aiki, lamba tana nuna digiri 74 na Faranhait, amma gidan sai damshi, zanin gado sai ɗanƙo, kabad kuma ya fara wari." Kafin in ɗauki jakar kayan aiki nakan ce a je wurin tamostat, ɗan akwatin bango da ake sarrafa AC da shi, a karanta mini abin da ke rubuce a ƙarƙashin Fan, wato fanka. Sau da yawa amsar ita ce On.

Wanda bai daɗe da zuwa ba yana buƙatar a fara nuna masa yadda gidan yake. A gida mun saba da AC na jikin bango mai rimot, ko na taga, kowane ɗaki da nasa. A nan inji ɗaya ne yake ɗauke da gidan gaba ɗaya, kuma rabe yake biyu. Rabi yana waje a gefen gida, shi ne mai kwamfuresa, mai ƙara. Ɗaya rabin yana ciki. A jihohin arewa kamar Ohio da Minnesota yawanci a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake ajiye shi, amma Houston ƙasa ce mai ruwa da ambaliya, ba a cika haƙa irin wannan ɗaki ba, saboda haka sai a ɗora shi a saman silin, ƙarƙashin rufi. A cikin wannan akwati akwai koyil, wato lanƙwasasshen bututun ƙarfe mai sanyaya iska, da hita mai aiki da gas ko lantarki, da wata babbar fanka mai kama da ganga. Ita ce take zuƙo iskar gidan ta wata babbar ƙofa mai filta, ta bi da ita ta kan koyil ko hita, ta tura ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki.

Tamostat ɗin da ke bango yana ba da umarni iri biyu, kuma ba su haɗu ba. Na farko shi ne a sanyaya, a ɗumama, ko a kashe. Na biyu na fankar nan ne kaɗai. Idan ka cire fuskar tamostat za ka ga siraran wayoyi masu ɗauke da wuta bolt 24: ja mai kawo wuta, rawaya ta kwamfuresa, fara ta hita, da koriya wadda ke shiga ramin da aka rubuta wa G. Koriyar nan ita ce ta fanka. A kan Auto, fanka tana tashi ne kawai lokacin da ake sanyayawa ko ɗumamawa, idan an kai lambar da ka sa sai ta ɗan ƙara minti ɗaya ko biyu ta tsaya. A kan On, koriyar waya tana riƙe da wuta dare da rana, fanka ba ta tsayawa ko kwamfuresa yana hutawa. Sababbin tamostat suna da zaɓi na uku bayan Auto da On. Honeywell suna kiransa Circ, fanka ta yi aiki kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace awa. A Ecobee kai ne kake zaɓar mafi ƙarancin mintunan da za ta yi a awa, Nest kuma yana barin ka tsara mata lokaci.

Ra'ayina a fili yake: a garin nan, lokacin zafi, Auto ne wurin zaman fanka. On abu ne da ake kunnawa don wata buƙata ta awa biyu ko uku, a mayar.

Na san dalilin da ya sa hannunmu yake zuwa kan On. Wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san bazara, watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin gida, iska busasshiya ƙamas. A can duk iskar da ta motsa rahama ce. Har jiƙa zane muke yi mu rataya a gaban fanka, ko a yayyafa ruwa a tsakar ɗaki, ruwan ya bi iska ya sanyaya wuri. Wannan dabara daidai take a inda iska ke jin ƙishirwa. Houston kuwa tana bakin mashigin tekun Meziko, iskarta a ƙoshe take da ruwa, ka fito da asuba za ka masallaci gilashin mota ya yi raɓa, rigarka ta manne kafin ka kai ƙofa. Abin da ke hana mutum sakewa a nan rabinsa zafi ne, rabinsa laima.

AC kuma tun asalinsa maganin laima ne. A shekarar 1902 wani injiniya mai suna Willis Carrier ya ƙera na farko irin na zamani saboda wata maɗaba'a a Brooklyn, inda damshi yake sa takarda ta kumbura, launuka su ƙi hawa daidai. Har yau haka yake aiki. Idan kwamfuresa ya tashi, koyil yana yin sanyi sosai, iskar gida ta bi ta kansa, ruwan da ke cikinta ya taru a jikin ƙarfen, ya gangara cikin faranti, ya fita ta farin bututu. A rana mai nauyi galan-galan na ruwa ne ke fita daga gida ta wannan hanya. Sai dai ruwan ba ya fara gangarawa nan take. Sai koyil ya jiƙe sharkaf tukuna, abin da kan ɗauki kusan minti 10 ko fiye.

To ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da kwamfuresa ya tsaya, koyil yana nan jiƙe. Na sha buɗe murfin akwatin daidai wannan lokaci in haska tocila: siraran ƙarafan nan jere kamar haƙoran mataji, kowanne da ɗigon ruwa a maƙale, faranti kuma da sauran ruwa kwance. Idan fanka ta tsaya, wani ɓangare na ruwan zai ci gaba da gangarawa ya fita, sauran ya zauna a nan har zagaye na gaba. Idan kuwa tana kan On, za ta ci gaba da busa iska a kan jiƙaƙƙen koyil har ya bushe, ruwan da ka biya kuɗin wuta aka cire ya koma falo da ɗakunan kwana. Kwamfuresa ya sake tashi, ya sake ɓata mintuna goma yana jiƙa koyil, yana fara zubar da ruwa sai lamba ta cika ya tsaya, fanka ta sake mayarwa. Abin ya fi muni a gidan da aka sa wa AC da ya fi ƙarfin gidan, domin shi gajeren zagaye yake yi, kuma irin waɗannan gidaje suna da yawa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe damshin cikin gida ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, an fi so tsakanin 30 da 50. Sama da haka funfuna take samun wurin zama, da ƙananan ƙwarin ƙura da ke tayar wa masu asma ciwo.

Akwai wani gida da na je a Sugar Land a watan Agusta. Matar gidan ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga Zariya don wankan jego. Maigidan ya kira ni yana zaton gas ɗin AC ne ya ƙare. Na auna, gas lafiya lau. Na ajiye ɗan ma'aunin damshi a kan teburin falo, kafin in gama duba filta ya tsaya a 68. Ya buɗe mini kabad ɗin ɗakin baƙi, takalman fata na Sallah sun yi fari-fari a baki, manyan riguna sun ɗauki wani wari da turare ba ya rufewa. Tamostat yana kan 79, fanka tana kan On.

Hajiya ce ta sa aka yi haka, kuma tana da hujjarta. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka da arziki, sannan na tambaya. Ta ce, "Ɗan nan, wannan sanyin naku ƙashi yake shiga. Gwiwata ba ta ɗauka, ga mai jego, ga jariri. Na ce su rage sanyin su bar mana iskar kawai." Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya, mai jego ba ta son sanyi. Amma iskar nan da aka bari ita ce take dawo muku da ruwa cikin ɗaki. Ki ba ni dama in gyara yadda sanyin ba zai taɓa ki ba." Na ɗaga kai na ga ƙofar iskar ɗakinta daidai saman gado take, tana busowa kan ƙafafunta. Na hau tsani na juya fikafikan suka kalli bango. Na mayar da fanka Auto, na sa lamba a 77, na kunna mata fankar silin a mafi ƙanƙantar gudu. Sannan na roƙi a riƙa kunna fankar banɗaki mai fitar da iska waje duk lokacin wankan ruwan zafi, safe da yamma, a bar ta kamar minti 20 bayan an gama, domin tururin wankan jego shi kaɗai ba ƙaramin ruwa yake zubawa a gida ba. Bayan 'yan kwanaki maigidan ya turo mini hoton ma'aunin yana nuna 53. Hajiya ta karɓi waya ta sa mini albarka, ta ce gwiwa ta lafa.

Fankar silin da na ambata tana da muhimmanci, domin ita ce take ba mu abin da muke nema a wurin On. Abin da jiki ke so shi ne iska ta taɓa fata. Fankar silin tana yin wannan da wuta kaɗan, ba ta taɓa koyil, kuma ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce da ita za ka iya ɗaga tamostat da kusan digiri 4 na Faranhait ba tare da ka ji bambanci ba. Mutum take sanyayawa, ba ta rage zafin ɗaki, don haka idan an fita a kashe.

Sai maganar kuɗi. Fankar AC iri biyu ce. Tsohon samfuri, wanda muke kira PSC, gudu ɗaya ya sani, kuma yakan ja wat 400 zuwa 500 ko fiye. A ɗauka 500. Awa 24 sau kwana 30 ya ba da kilowat-awa 360 a wata. Idan kana biyan santi 15 kan kowanne, dala 54 ke nan. Gaskiya ne cewa da zafi fanka za ta yi wani kaso na waɗannan awoyi ko da tana kan Auto, to a cire rabi ma, abin da ya rage kuɗin cefane ne. A watannin Maris da Nuwamba kuwa, da AC da hita duk ba su cika tashi ba, kusan duk kuɗin nan asara ce. Sabon samfuri, ECM, yana iya sassauta gudu ya ja wat 100 ko ƙasa da haka idan iska kawai yake zagayawa, kuma tun watan Yulin 2019 dokar ingancin makamashi ta sa yawancin sababbin hita da irinsa suke zuwa. Wanda ke da ECM kuɗin ba zai dame shi ba, amma maganar jiƙaƙƙen koyil tana nan. Kuma duk wutar da injin fanka ya ci zafi take komawa, a cikin iskar da kake shaƙa, AC ya sake biyan kuɗin cire shi.

Abin da mutane ba sa gani shi ne saman silin. Ni nake hawa, na san shi. Da azahar a watan Yuli zafin wurin yana wuce digiri 130 na Faranhait, wato sama da 54 a ma'aunin da muka saba da shi a gida, minti kaɗan zufa ta cika maka ido. A cikin wannan wuri bututun iska suke kwance, masu laushi, naɗe da rigar azurfa. Da wuya in hau gidan da ya shekara 15 ban sami inda tef ya saki ko bututu ya zame daga bakinsa ba. Muddin fanka tana juyawa, iskar ɗakinka tana bi ta cikin wannan zafi tana ɗumama, kuma duk inda bututun zuƙowa ya yage yana jawo iskar saman silin da ƙurarta. A kan Auto wannan yana faruwa ne lokacin da AC ke aiki kawai. A kan On babu hutu.

Mu kuma muna da al'adar rufe ƙofa. Ɗakin maigida a rufe, na baƙi a rufe, na 'yan mata a rufe, kuma haka ya dace da tarbiyyarmu. Amma gidaje da yawa a nan ƙofar zuƙo iska guda ɗaya gare su, a baranda ta tsakiya. Idan ɗaki yana rufe, ana tura masa iska ba ta da hanyar komawa sai ɗan tsagin ƙasan ƙofa. Iskar ɗakin sai ta nemi hanya ta fita waje ta gefen taga, falo kuma ya jawo ta waje ta ƙarƙashin ƙofar shiga da duk wata kafa, da laimarta. Ka sa hannu a ƙasan rufaffiyar ƙofa lokacin da fanka ke aiki, za ka ji iska tana tsere. Ana iya gyarawa da ɗan bututun da ke haɗa ɗakin da baranda ta sama, ba tare da an buɗe sirrin kowa ba, amma kafin a yi wannan, rage awoyin fanka yana rage ɓarnar.

Ban ce On ba ta da ranarta ba. Ranar suna ko walima, mutum 40 a gida, mata a sama maza a ƙasa, AC ma kusan ba ya tsayawa, to a sa On iska ta gauraya, baƙi na tafiya a mayar. Gidan bene mai inji ɗaya, inda sama ke zafi ƙasa na sanyi, Circ yakan taimaka, musamman da yamma, ko da yake idan bambancin ya yi yawa matsalar tana bututu ko rufi ne, fanka ba za ta warkar da ita ba. Wanda ke zaune a busasshen wuri kamar Phoenix ko Denver, damuwar laima ba tasa ba ce, lissafinsa na kuɗin wuta ne kawai. Da hunturu kuma koyil a bushe yake, babu ruwan da za a mayar. Abin da ke faruwa a lokacin shi ne idan hita ta huta fanka ta ci gaba, iskar da ke fitowa ba ɗumi gare ta ba, tana taɓa fata sai a ji kamar sanyi ne, mutum ya tashi ya ƙara lamba, gas ya ƙaru. Dattawa ne suka fi kawo wannan ƙara.

Ranar da nake kunna On da kaina ita ce ranar ƙura. Kusan kowace shekara a watan Yuni ko Yuli ƙurar Sahara tana tsallako Tekun Atilantika ta iso Texas. Ta watan Yunin 2020 ta yi kauri ƙwarai. Sama ta yi fari-fari, rana ta dushe, duk wanda ya san hazon hunturu a Arewa ya gane ta da ido ɗaya. Ƙaramar 'yata tana da asma, irin wannan rana nakan rufe tagogi, in sa sabuwar filta, in bar fanka ta yi ta tace iska na wasu awoyi, ina duba ma'aunin damshi. Haka mutanen New York suka yi a watan Yunin 2023 da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe su. Sai dai tacewar gwargwadon filtar ce. Lambar MERV da ke jikin kwali ita ke nuna ƙarfinta. Shuɗiyar nan mai arha da kake hango hannunka ta cikinta injin kawai take karewa, ba huhunka ba. MERV 8 ita ce ta yau da kullum, 11 ta fi ta, 13 tana kama hayaƙi da ƙura mai laushi. Amma mai lamba 13 siririya, mai kaurin inci ɗaya, tana iya shaƙe tsohon inji, iska ta ragu har koyil ya yi ƙanƙara. A tambayi mai gyara kafin a hau can. Kuma duk wanda ya bar fanka tana yawan aiki ya riƙa duba filta kowane wata, ya tabbatar kibiyar da ke gefenta tana kallon wajen inji.

Filtar gidan Bahaushe nakan gane ta tun kafin a gaya mini gidan waye. Turaren wuta yana barin ta baƙi-baƙi da ɗan maiƙo, da ƙamshi. Ba na hana kowa turare, gidana ma ana sawa. Abin da nake cewa shi ne idan an ɗora kasko a bar fanka a Auto, kada a ajiye shi ƙarƙashin ƙofar zuƙo iska, domin hayaƙin da ya wuce filta a jikin jiƙaƙƙen koyil yake mannewa, ƙura ta bi ta manne a kansa. Suyar naman layya ma haka, musamman idan Babbar Sallah ta faɗo a lokacin zafi. Wasu suna sa On don warin mai ya fita, alhali fankar AC ba ta fitar da komai waje, zagayawa kawai take yi, sai ta raba warin har cikin kabad ɗin kowane ɗaki. Fankar saman murhu ce ta wannan aiki, idan tana da bututu zuwa waje. Da yawa daga waɗanda ke haɗe da maikirowef mayar da iskar suke yi cikin kicin, ka sa hannu a samansu za ka ji. Idan irin wannan ce da kai, a kai babbar suya bayan gida.

Ma'aunin damshi bai fi dala 10 zuwa 15 ba a shagunan kayan gini, wasu tamostat ma suna nunawa da kansu. A ajiye shi a falo, nesa da kicin da banɗaki. Idan an mayar da fanka Auto aka yi kwana biyu ko uku lambar ba ta sauko ƙasa da 60 ba, to akwai wani abu daban: bututu ya yage, inji ya fi ƙarfin gida, ko hanyar ruwa ta toshe. A gidajen nan akan fito da bututun ruwa na biyu daidai saman wata taga da gangan, don idan na farko ya toshe ka ga ɗigo ta gilashi. Duk ranar da ka ga ruwa yana ɗiga a nan, a kashe AC a kira mai gyara kafin silin ya jiƙe. Idan kuma tamostat yana kan Auto, an kashe sanyi da ɗumi duka, amma fanka ta ƙi tsayawa bayan minti biyar, a fara duba ko an tsara mata lokaci a cikin manhajar waya. In babu, to makunnin da ke kan allon injin ne ya maƙale, ko koriyar waya tana taɓa ja a wani wuri, kuma wannan aikin mai gyara ne. Masu haya su sanar da ofishin gidan a rubuce, su ajiye hoton ma'aunin da kwanan wata, domin idan funfuna ta fito a bango ranar tashi za a tambayi wanda ya jawo.